Kafin Ku Zargi Firinta, Ku Tambaye Ta Adireshinta

Ƙannena maza da mata da kuke zama gaban kwamfuta a shagunan buga takardu, da ofisoshi, da ɗakunan karatu na makarantu, akwai wata ɗabi'a da nake so mu yi magana a kanta, domin tana cin lokaci da kuɗi fiye da yadda ake zato. Mutum ya tura takarda a buga, firinta tana can gefe a kunne, fitilarta na ci, amma ta yi gum. Sai ya sake turawa, ya kuma sake, har aiki ya taru a layi. Daga nan ya goge manhajar firintar ya sake sakawa, ya mayar da na'urar yadda ta fito daga kamfani, ya kashe garkuwar kwamfutarsa, in duk abin ya ƙi sai ya yanke hukunci cewa firinta ta mutu. Duk wannan kame-kame yana yin sa ne ba tare da ya tsaya ya tambayi kansa abu guda ba: a ina saƙon ya maƙale? Nasihata ita ce kada ku canza komai sai kun gano inda hanya ta yanke. Idan firinta tana aiki da Wi-Fi, sau da yawa lafiyarta ƙalau, kwamfutar ma lafiyarta ƙalau, abin da ya faru kawai ɗaya ta daina sanin inda ɗaya take.

Dalilin da ya sa lalube ba ya fitar da mutum shi ne tafiyar takarda tana da zango da yawa, kuma ko a wane zango ta tsaya, abin da ido ke gani iri ɗaya ne, wato shiru. Manhajar da kuka yi rubutu a cikinta tana miƙa aikin ga direban firinta, wanda yake juya shi zuwa harshen da na'urar take ganewa. A Windows akwai wani ma'aikaci na bayan fage mai suna Print Spooler, shi ne yake jera ayyuka a layi yana sakin su ɗaya bayan ɗaya. Daga nan aikin ya bi iska zuwa akwatin da ke raba Wi-Fi, wato rauta ko MiFi, shi kuma ya miƙa wa firinta bisa adireshin da aka rubuta masa. Sai a ƙarshe a zo ga takarda da tawada da ƙafafun da ke jan takarda. Saboda haka idan allo ya nuna muku Offline, ba shaida ba ce cewa firinta a kashe take. Abin da kwamfuta take faɗa kawai shi ne ta yi kira ba a amsa mata ba, kuma rashin amsa yana iya zuwa daga kowane ɗaya daga cikin waɗannan zangunan.

Gwajin farko ba ya buƙatar kwamfuta ko kaɗan. Kusan duk firintar da ke da Wi-Fi tana iya buga rahoton kanta daga maɓallan da ke jikinta, shafi ɗaya ko biyu da ke bayyana yadda take a haɗe da sadarwa. Idan shafin ya fito tsaf, kun wanke injin, da tawada, da takarda a lokaci guda, ba sauran dalilin buɗe cikinta ko kiran mai gyara ya kwance ta. Abin da ya fi wannan amfani shi ne abin da ke rubuce a shafin: sunan Wi-Fi ɗin da firintar take kai, da ƙarfin siginar da take samu, da adireshinta. Wannan takarda ita ce babbar shaidarku, kuma abin mamaki ita ce aka fi mantawa da ita.

A kan adireshin nan nake so in daɗe, domin nan ne cutar ta fi zama. Duk na'urar da ta hau Wi-Fi, rauta tana ba ta lamba mai gida huɗu, kamar 192.168.0.105, kuma da wannan lamba ake nemanta. Abin da da yawa ba su lura da shi ba shi ne lambar aro ce, ba mallaka ba. Tsarin da ke raba ta, wanda ake kira DHCP, yana bayar da ita na wani wa'adi ne, kuma idan rauta ta mutu ta tashi, wasu rautocin, musamman ƙanana masu araha, suna mance wa suka ba me, sai su sake rabo bisa wanda ya riga zuwa. To ku duba abin da ke faruwa: ranar da aka saka firinta a kwamfuta, Windows ya rubuta cewa tana lamba 105. An ɗauke wuta da rana, an tayar da janareta, wayar wani ta riga firinta hawa, ta karɓe 105, firinta ta samu 108. Kwamfuta ba ta da labari. Tamkar ɗan aike ne da aka ba wasiƙa da kwatancen tsohon gida, ya je yana ta sallama alhali mutumin ya ƙaura lungu na gaba. Ko sau nawa aka sake aikensa, ƙofar da ya sani zai koma. Wanda ya goge direba ya sake sakawa a wannan hali yakan ga aiki ya dawo, sai ya ɗauka direban ne ya lalace, alhali abin da ya faru shi ne sakawar ta sa kwamfuta ta koyi sabuwar lambar. Gobe a sake ɗauke wuta, a sake komawa gidan jiya.

Littattafan da ke zuwa cikin kwalin firinta an rubuta su ne da zaton rauta za ta yi watanni a kunne. A Kano ko Zariya ko Maraɗi, inda ake sauya layi tsakanin wutar gari da janareta da sola, rauta tana iya mutuwa ta tashi sau da yawa a wuni guda, don haka matsalar da ke faruwa jefi-jefi a wasu ƙasashe a nan abincin yau da gobe ce. Akwai ma wani ƙarin abu: idan wuta ta dawo, firinta takan riga rauta farkawa, ta nemi Wi-Fi ta rasa, kuma ba kowace firinta ce take naci wajen sake nema ba. Shafin rahoton nan zai tona asirin wannan. Idan kuka ga adireshin ya fara da 169.254, ko ya zama sifili huɗu, to firintar ba ta samu lamba daga rauta ba sam, ita ta laƙaba wa kanta wata ko ta zauna babu. A wannan hali duk abin da za ku yi a kwamfuta wahalar banza ce, domin matsalar tana tsakanin firinta da rauta.

Idan kuwa lambar ta fara da 192.168 ko makamancin haka, sai ku gwada ta da ta kwamfutar. A Windows umarnin ipconfig yana nuna lambar kwamfuta, kuma a yawancin gidaje da ƙananan shaguna gidaje uku na farko dole su zo ɗaya, na huɗu ne kaɗai yake bambanta. Sannan ku rubuta lambar firintar a inda ake rubuta adireshin shafin intanet. Yawancin firintocin Wi-Fi suna ɗauke da ɗan shafinsu a ciki, mai nuna yawan tawada da saituttuka. Idan shafin ya buɗe, hanya a buɗe take daga kwamfuta har firinta, abin da ya rage shi ne a gyara lambar da Windows ya riƙe. Idan bai buɗe ba, akwai abin da ya tare tsakani. Maganin dindindin kuwa ba shi da wuya: ku shiga saitin rauta ku keɓe wa firinta lamba guda da ba za a ba kowa ba. Rauta tana gane firintar ne da wata lamba ta haihuwa da ke jikin kowace na'ura, wadda ake kira MAC, ita ma tana cikin shafin rahoton. Aikin bai fi na 'yan mintuna ba, kuma shi ne ya fi kowane gyara daɗewa. Gaskiya ne sababbin hanyoyin haɗawa suna neman firinta da sunanta ba da lamba ba, amma su ma sun dogara ne da shelar da firinta take yi a cikin sadarwa, kuma wannan shela tana da saurin ɓacewa idan sigina ta yi rauni ko firinta ta shiga barcin tanadin wuta.

Wani abin da ke rikita mutane shi ne haɗa Wi-Fi da intanet a matsayin abu ɗaya. Ba ɗaya ba ne. Rautar da datarta ta ƙare tana nan tana iya ɗaukar takarda daga kwamfuta zuwa firinta, domin saƙon bai fita daga ɗakin ba, sai dai irin firintocin da kamfani ya ɗaure da tsarin biyan kuɗin tawada wata-wata, waɗanda suke buƙatar su riƙa jin muryar kamfaninsu. Amma abin da yake faruwa shi ne data ta ƙare a rauta, mai kwamfuta ya koma Wi-Fi ɗin wayarsa don ya sauko da wasiƙa, ya manta bai dawo ba, sannan ya tura bugu. Kwamfuta tana kan waya, firinta tana kan rauta, kowa da duniyarsa. Haka kuma sashen baƙi da wasu rautoci suke da shi: an gina shi ne musamman don ya hana na'urori ganin juna, don haka wanda ya hau shi zai samu intanet amma ba zai ga firinta ba har abada. Manhajar VPN ma takan kwashe duk saƙonnin kwamfuta ta bi da su wata hanya, ta bar firintar da ke kan teburi ɗaya a baya. Windows kansa idan ya ɗauki sadarwar a matsayin ta bainar jama'a, yana rufe ƙofofin gano na'urori. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da yake lalacewa ce, kuma babu wanda sake saka direba zai warkar.

Idan firinta ta ƙi hawa Wi-Fi tun farko, musamman bayan an sayi sabuwar rauta, abu biyu ake dubawa. Firintoci da yawa masu sauƙin kuɗi suna jin zangon 2.4 GHz ne kawai, ba sa ganin na 5 GHz da sababbin rautoci da wayoyi suka fi so. Na biyu shi ne tsarin tsaro na WPA3 da aka fitar a 2018, wanda tsofaffin firintoci ba su san shi ba, sai an saita rauta ta karɓi WPA2 tare da shi. Wanda ya canza kalmar sirrin Wi-Fi kuma ya tuna cewa firinta ba ta da labari sai an faɗa mata.

Sai bayan an wanke firinta an wanke hanya ake juyowa kan kwamfuta, kuma akwai gwaji mai sauƙi da ke raba gardama: ku buga daga waya. Tun 2010 Apple ya saka AirPrint a wayoyinsa, a 2013 kuma Canon da HP da Samsung da Xerox suka kafa ƙawancen Mopria don wayoyin Android su riƙa bugu ba tare da direba na musamman ba. Idan waya ta buga kwamfuta ta kasa, laifin yana cikin kwamfuta. Wurin farko da za a leƙa shi ne layin jira, domin aiki guda da ya maƙale yana tare duk na bayansa, kuma kowace dannawa da kuka ƙara cikin fushi ƙara tsawon layin take yi. A share layin; in ya ƙi sharuwa, a tsayar da Print Spooler, a kwashe abin da ke cikin jakar ajiyarsa, a sake tayar da shi. A kuma duba ko kwamfuta ba ta tara kwafin firinta biyu ko uku masu suna kusan ɗaya ba, tana tura aiki ga wadda ta mutu tuntuni, abin da yawan gogewa da sakawa yake haifarwa. Direba shi ne na ƙarshe a jerin waɗanda ake tuhuma, kuma yana da alamarsa: takarda ta fito amma da baƙaƙe marasa ma'ana, ko matsalar ta fara daidai bayan kwamfuta ta sabunta kanta.

Na san abin da wani zai ce: me ya kawo wannan dogon bincike, alhali kashewa da kunnawa yana gyara abin? Ba na musun cewa yana gyarawa, kuma dalilin a fili yake, domin yana tilasta wa firinta ta sake neman Wi-Fi, yana kuma sake tayar da layin jira. Amma gyara ne da ba ya koya wa mai yinsa komai, kuma yana goge shaida. Wanda ya kashe komai kafin ya duba lamba ba zai taɓa sanin cewa lambar ce take yawo ba, don haka zai yi ta kashewa da kunnawa kullum har ya ɗauka haka firinta take. Ku kashe ku kunna, amma bayan kun buga shafin rahoto, kuma bisa tsari: rauta da farko, a jira ta gama tashi, sannan firinta, sannan kwamfuta. Wanda ya kunna su a tare ya maimaita abin da ɗaukewar wuta ta yi ne da hannunsa.

Wani kuma zai ce a bar Wi-Fi ɗin gaba ɗaya a koma kebul. Wannan magana ta fi ta farko ƙarfi, kuma a wurare da yawa ita ce daidai. Shagon da ke da kwamfuta ɗaya da firinta ɗaya a kan teburi ɗaya ba shi da abin da zai ƙaru da shi daga Wi-Fi sai ciwon kai, kebul ɗin USB ya ishe shi, kuma ba abin kunya ba ne. Amma kebul ɗin USB na yau da kullum bai wuce kimanin mita 5 ba, kuma kwamfuta ɗaya yake yi wa hidima, alhali yau ɗalibi yana zuwa da takardar jarrabawar JAMB ko aikin kammala karatunsa a cikin waya, ofis kuma yana da mutum shida masu bugu a firinta guda. Inda firinta take da ramin kebul ɗin sadarwa, abin da ya fi shi ne a haɗa ta da rauta da kebul, a bar kwamfutoci da wayoyi su zo ta iska; an cire zango mafi rauni ke nan ba a rasa komai ba. Sai dai ku lura, ko a nan ma lambar aro ce ake ba ta, don haka keɓe lamba bai faɗi ba.

Ƙorafin da ya fi damuna shi ne na mai cewa lokaci ba ya jira, mutane sun yi layi, don haka a kashe garkuwar kwamfuta a sauko da duk manhajar da aka samu, in dai takarda za ta fito. Gaggawa gaskiya ce, amma firinta ba ƙaramar ƙofa ba ce. A 2021 aka gano wata ɓaraka a cikin Print Spooler, wadda aka yi wa laƙabi da PrintNightmare, da ke iya ba maharin da ke cikin sadarwa ikon mallake kwamfuta, har Microsoft ya fitar da gyaran gaggawa ya kuma tsaurara dokar saka direba. A ƙarshen 2018 wani ya sa firintoci kimanin 50,000 da aka bari a buɗe ga intanet suka buga saƙon tallata wani mai tashar YouTube, ba tare da masu su sun sani ba. Tun 2011 kuma aka nuna cewa lambar sirrin WPS, wadda ake amfani da ita don saurin haɗa firinta da rauta, ana iya fasa ta cikin 'yan sa'o'i. Kwamfutar shagon bugu tana ɗauke da takardun haihuwa, da sakamakon jarrabawa, da hotunan katin shaidar mutane, amana ce ba ta mai shago kaɗai ba. Idan za a kashe garkuwa, a yi shi na minti ɗaya don gwaji a mayar, direba kuma daga shafin kamfanin da ya ƙera firintar kawai ake ɗauko shi. Shi kuwa batun lokaci, buga rahoto da gwada lamba da leƙa layi gaba ɗaya ba su kai tsawon saukar da direba guda a kan data mai jan ƙafa ba.

Akwai kuma dalilin da ya sa wannan ilimi ya fi dacewa da ku fiye da na gabanku. Shawarar a sake saka direba tana tsufa. A 2023 Microsoft ya sanar da cewa zai janye sannu a hankali daga rarraba direbobin kamfanonin firinta ta hanyar sabunta Windows, ya koma ga direba guda na gama-gari da ke magana da firinta ta ƙa'idar IPP, wadda AirPrint da Mopria suke kai. Google ma ya rufe hidimarsa ta Cloud Print a ƙarshen 2020, ga shi har yanzu akwai tsofaffin bayanai da ke tura mutane gare ta. Ma'anar wannan ita ce, abin da zai rage a hannun mai gyara nan gaba shi ne sadarwar kanta: wa ke kan wane Wi-Fi, wace lamba yake da ita, me ya tare tsakani. Ko da a ƙarshe sai an kira mai gyara, wanda ya ce masa firinta tana buga rahotonta, lambarta kaza, shafinta yana buɗewa a waya amma ba ya buɗewa a kwamfuta, ya rage masa rabin aiki, kuma da wuya a sayar masa da kayan gyaran da ba ya buƙata.

Don haka kada ku jira sai ranar da ta yi gum mutane na tsaye a kanku. Yau da firintar take aiki, ku buga shafin rahotonta, ku shiga rauta ku keɓe mata lambarta, ku rubuta lambar da sunan Wi-Fi ɗin a 'yar takarda ku manna a gefenta inda duk mai aiki a wurin zai gani.